Ta yaya Jamus ta sake haɗa soja bayan an ɗaure mata hannu a 1919?

Auta: Assalamu alaikum 'yan zaure. Wata tambaya ce ta hana ni sakat tun jiya. Mun yi musu da wani abokina a wurin mai shayi, ya ce Hitila shi ne mutumin da ya tarar da ƙasa ba ta da ko jirgin yaƙi ɗaya, cikin shekara shida ya mai da ita dodon Turai. Na rasa abin da zan ce masa, don in lissafi ne ya fito: ya hau mulki a Janairun 1933, ya afka wa Folan a Satumban 1939. To amma ba an ce bayan Yaƙin Duniya na Farko an sa Jamus ta sa hannu ba za ta ƙara tara makamai ba? Waɗanda suka ci ta da yaƙi suna ina har ta yi wannan shiri? Barci suke yi?

Mai Zaure: Wa alaikumus salam. Malam Na Tarihi, an shigo gonarka. Don Allah a yi haƙuri da juna, kada ta zama irin ta makon jiya.

Malam Na Tarihi: Auta, ka koma ka gaya wa abokinka ba a fafe gora ranar tafiya. Abin da Hitila ya tarar a 1933 gida ne da an riga an haƙa tushensa, an ja bulo har linta, an lulluɓe da zana. Shi ya zo ya yaye zanar, ya zuba kuɗi.

Ga abin da takardar yarjejeniyar ta ce. An sa mata hannu a fadar Versailles kusa da Paris ranar 28 ga Yuni 1919. Sojan ƙasa kada su wuce 100,000, hafsoshi a cikinsu 4,000 kacal. Sojan ruwa 15,000. Ba tankar yaƙi, ba jirgin sama na yaƙi, ba jirgin ruwa mai nutso, ba iska mai guba. An hana ɗaukar samari soja ala tilas. An rushe babban ofishin hafsoshin da ke tsara yaƙi, wanda shi ne ƙwaƙwalwar sojan Jamus tun zamanin Prussia, masarautar da ta haɗe kan Jamus. Yammacin kogin Rhine duka, da kilomita 50 na gabashinsa, sojan Jamus ba zai taka ba. Sannan aka turo hukumar sa ido ta ƙasashen da suka yi nasara, Janar Nollet na Faransa ne shugabanta, suna shiga barikoki da masana'antu suna ƙirga bindiga ɗaya bayan ɗaya, suna sa a farfasa injinan ƙera igwa.

Kuma tun kafin tawada ta taɓa takarda an ga alamar irin mutanen da ake hulɗa da su. Mako guda kafin sa hannu, ranar 21 ga Yuni, sojan ruwan Jamus da aka tsare da jiragensu a Scapa Flow ta Sikotlan suka buɗe kafofin da ruwa zai shiga jiragen da kansu. 52 cikin 74 suka nutse, don kada Ingila ta ci moriyarsu.

Baba Saje: Allah ya gafarta Malam, ka tsallake sharaɗi ɗaya, wanda a wurina ya fi sauran nauyi. An ce kurtu in ya shiga sai ya yi shekara 12, hafsa 25. Faɗa wa yaron nan dalili.

Malam Na Tarihi: Gaskiyarka Baba. Faransawa sun taɓa ƙonewa ne. Bayan Napoleon ya murƙushe Prussia a 1806, ya ce sojanta kada su wuce 42,000. Sai su Janar Scharnhorst na Prussia suka riƙa ɗaukar samari suna horar da su 'yan watanni, su sallame su, su ɗauki wasu. Ko yaushe aka zo ƙirga, adadin na nan daidai, alhali a ƙauyuka akwai waɗanda suka iya bindiga suna noma. A 1813 aka kira su suka fito. To shekara 12 ɗin nan an sa ta ne don toshe wannan ƙofa.

Baba Saje: Sun toshe ƙofa sun buɗe taga. Ni da na ci kaki shekara talatin ba ɗaya, bari in gaya muku abin da farar hula ba sa ganewa. A kawo mini yaro daga ƙauye bai san lef da rai ba, in an ce a juya dama sai ya yi karo da na kusa da shi, cikin wata shida zan mai da shi soja. Na yi, ba sau ɗaya ba. Amma saje na ƙwarai, wanda in harsashi ya fara tashi yara talatin za su dubi fuskarsa su natsu, wannan sai shekara goma. Kurtu kamar bulo ne, a kwana biyu an buga dubu. Magini ne ke wuya.

To Janar Hans von Seeckt, wanda ya riƙe sojan Jamus daga 1920 zuwa 1926, ya gane wannan. Aka ce masa mutum 100,000 za ka riƙe, kowa shekara 12. Ya ce madalla. Masu neman shiga sun ninka guraben da ake da su, sai ya tsince na tsincewa. Yarjejeniyar ta ƙayyade hafsoshi amma ba ta ce komai a kan yawan kofur da saje ba, sai da kusan rabin rundunar suka zama masu igiya. Kowa ana koya masa aikin na gaba da shi: kurtu ya iya aikin kofur, saje ya iya aikin laftana, manjo ya iya jan birged. Kowane kamfanin soja kuma aka ɗora masa sunan wata tsohuwar rajimanti ta zamanin sarki da al'adunta, wato ranar da aka ce a faɗaɗa, kamfanin nan shi ne irin shuka. Masu sa ido suna ta ƙirga bakin igwa, ba wanda ya iya ƙirga abin da ke cikin kan saje.

Malam Na Tarihi: Ofishin tsara yaƙin da aka ce an rushe ma allo kawai aka canja masa. Suka kira shi Truppenamt, wato ofishin kula da dakaru, kamar wurin lissafin takalma da barguna. Seeckt ne ya fara shugabantarsa. Ya kafa kwamiti 57, ɗaruruwan hafsoshi suka zauna suna tona yaƙin da aka ci su: me muka yi daidai, ina muka yi kuskure. Waɗanda suka yi nasara ba su tsaya yin wannan binciken da irin wannan zafin ba, mai nasara ai ba ya tambayar kansa. Ya kuma ɓoye tsoffin matuƙan jirgin sama kusan 180 a cikin hafsoshin nan 4,000, a rundunar da ba ta da jirgi ko ɗaya.

Auta: To Baba, in ba su da tanka, da me suke atisaye?

Baba Saje: Da katako da tamfol, ɗana. A haɗa firam, a lulluɓe, soja su shiga ciki suna turawa da ƙafa. Daga baya suka riƙa ɗora kwanon rufi a kan ƙananan motoci. 'Yan makaranta har fensir suke caka wa tamfol ɗin su leƙa ciki. Kowa dariya yake yi. Amma abin da su Guderian, wanda daga baya ya jagoranci rundunar tankoki, suke koya a wurin ba harbi ba ne, yadda tanka hamsin za su tafi tare su juya tare da umarni ta rediyo, sojan ƙafa na biye, mai na isowa a kan lokaci. Wannan da akwatin tamfol ma ana koyonsa.

Auta: Ikon Allah. Tankar tamfol!

Injiniya: Ku bar ni in shigo ta ɓangaren ƙarfe, don Baba ya ja bargon duk ya kai wajen mutane. Zanen makami shi ma kamar saje ne, ba a yinsa dare ɗaya. In injiniyoyinka suka yi shekara goma sha biyar ba su zana jirgi mai nutso ba, sun tsufa, ilimin ya bi ruwa. Takardar Versailles ta hana ƙerawa a cikin Jamus, sai kamfanonin suka tsallaka katanga.

A Essen, Krupp ya koma yin kan jirgin ƙasa da injin lissafin kuɗi na kanti, har da haƙoran ƙarfe mara tsatsa, ga masu sa ido suna gani suna rubutawa. A lokaci guda injiniyoyinsa suna Suwidin a kamfanin Bofors suna aikin igwa. Shahararriyar igwar kakkaɓo jirage mai baki milimita 88 daga can zanenta ya fito, kuma da aka gama suka laƙaba mata lamba 18, don a ɗauka tsohon zanen 1918 ne. Rheinmetall ya bi ta Solothurn a Switzalan. Junkers ya buɗe reshe a Suwidin, Dornier a Switzalan da Italiya.

Wanda ya fi burge ni a dabara shi ne wani ofishi da aka buɗe a Holan a 1922, ana ce masa IvS, da sunan kamfanin zanen jiragen ruwa na 'yan kasuwa. Kamfanonin Jamus ne suka kafa shi, sojan ruwan Jamus na zuba kuɗi ta bayan gida. Suka zana wa Turkiyya jirage masu nutso, suka gina ɗaya a Cadiz ta Sifen, suka gina wasu a Finlan. Mai saye ya biya, Jamusawa su yi gwajin teku da mutanensu, ilimin ya dawo gida. Wanda aka gina a Turku, Vesikko, yana nan har yau a gidan tarihi a Helsinki, shi ne uban ƙananan jiragen da Jamus ta fara da su a 1935.

Tankoki kuwa a takarda tarakta ne. Akwai babbar tarakta, akwai ƙaramar tarakta, ita tankar Panzer ta farko ma sunanta a fayil motar jan kayan gona.

Alhaji Na Kwari: Ungulu da kan zabo ke nan.

Auta: Taraktar da ke da bakin igwa a ina za a gwada ta ba a gani ba?

Malam Na Tarihi: A Rasha. Na san za ka yi mamaki, hafsoshin Jamus 'yan sarauta ne da suka tsani kwaminisanci kamar mutuwarsu. Amma a 1922 ƙasashen biyu duk saniyar ware ne a Turai, kuma dukansu suna jin haushin sabuwar ƙasar Folan da aka yanka a tsakaninsu. Suka ƙulla yarjejeniya a Rapallo ranar 16 ga Afrilu 1922, a fili maganar huldar jakadanci da yafe bashi ce, sojoji kuma suka yi tasu a gefe. Junkers ya karɓi masana'anta a Fili kusa da Mosko. A 1925 aka buɗe makarantar tuƙin jiragen yaƙi a Lipetsk da jirage 50 ƙirar Fokker da aka sayo daga Holan. Makarantar tanka, Kama, kusa da Kazan, ta fara aiki a 1929. Akwai kuma Tomka, inda ake gwajin iska mai guba. Jamus ta kawo kuɗi da ilimi, Rasha ta ba da fili da nisa daga idon Faransa, hafsoshinta kuma suna zama a aji ɗaya suna koya.

Hafsan da za a tura sai an sallame shi daga soja a takarda tukuna, ya sa farar hula, ya tafi da wani suna. Wanda jirgi ya faɗo da shi ya mutu, a akwati ake dawo da gawarsa ta tashar Stettin, an rubuta kayan inji a jiki.

Alhaji Na Kwari: Malam, da girmanka, ni fa ban yarda da nauyin da kuke ba wannan ɓoye-ɓoyen ba. Labari ne mai daɗi, shi ya sa kuke jan sa. Matuƙa nawa aka yaye a Lipetsk ɗin a shekara takwas? Kusan 120. A Kazan 'yan gomomi. Da wannan ake cin Faransa? A 1932 da Faransa ko Folan ta ga dama, da ta shiga Berlin ba tare da gumi ba, su kansu janar-janar ɗin Jamus sun san albarusansu ba za su kai ko'ina ba. Ni ɗan kasuwa ne, na san mai ilimin saƙa da ba shi da jari tsirara yake kwana. Abokin Auta bai yi ƙarya duka ba. Kafin 1933 shiri ne a takarda. Soja na gaske sai da aka buɗe bakin aljihu.

Malam Na Tarihi: Alhaji, rabin maganarka na karɓa. Amma ka ɗauki kuɗin nan ka ba ƙasar da ba ta da saje, ba ta da zane, ba ta da matuƙin da zai koya wa wasu, ka ga ko za ta tashi daga dibishan 10, wato manyan rukunin runduna, zuwa 36 a 'yan shekaru. Mutum 120 ɗin nan su ne suka zama malamai da kwamandoji. Ka haɗa da samarin da ke wasan jirgi mara inji a tsaunin Wasserkuppe tun 1920, da makarantun matuƙan farar hula, da Lufthansa da aka kafa a 1926, wadda ɗaya daga cikin shugabanninta, Erhard Milch, shi ya zo ya gina rundunar sama. Sannan kada a ɗauka gwamnatocin farar hula ba su sani ba. A 1928 majalisar ministocin Hermann Müller, ɗan jam'iyyar ma'aikata, ta amince da shirin makamai na ɓoye mai nufin dibishan 16. Na biyu a 1932 ya nufi 21. Duk kafin Hitila.

Maman Hanifa: Salamu alaikum. Tun ɗazu nake karantawa ina jiran in ga ko wani zai ambaci waɗanda aka kashe, shiru. Sai yabon dabara ake yi kamar ana labarin Gizo da Ƙoƙi. Ku yi haƙuri iyayena da yayyena, amma wannan sirrin da jini aka riƙe shi.

Akwai rundunar ɓoye da ake kira Baƙar Reichswehr, Reichswehr ɗin shi ne sunan sojan Jamus na lokacin, an ɓad da su da sunan 'yan aikin ƙwadago. Su da ƙungiyoyi irinsu, duk wanda suka zarga da tsegunta wa masu sa ido inda aka binne makamai, sai a tsinci gawarsa a daji ko a ruwa. Alƙalai kuma su sassauta wa makasan, wai kishin ƙasa ne. Matthias Erzberger da ya sa hannun tsagaita wutar yaƙin a 1918, an harbe shi a 1921. Walther Rathenau, ministan wajen da ya sa hannu a Rapallo ɗin da Malam ya ambata, an harbe shi wata biyu bayan nan, a Yunin 1922.

Ga kuma Carl von Ossietzky, editan mujallar Die Weltbühne. A Maris 1929 ya buga rahoton da ya fallasa shirin jiragen yaƙi na ɓoye. Abin da ya buga gaskiya ne, kuma abin da ya fallasa ya saɓa wa dokar ƙasar kanta, don yarjejeniyar ta zama doka a Jamus. Amma shi aka gurfanar, a Nuwamban 1931 aka yanke masa wata 18. Jamhuriya ce ta ɗaure shi, ba 'yan Nazi ba. Su da suka zo a 1933 sai suka sake kama shi suka jefa a sansani. An ba shi kyautar Nobel ta zaman lafiya ta 1935 yana hannunsu, ya rasu a 1938 da tarin fuka.

Abin da nake so Auta ya kai wa abokinsa shi ne wannan: shekara goma sha uku ana koya wa soja cewa yi wa majalisa ƙarya ibada ce, ana koya wa kotu cewa mai faɗin gaskiya shi ne maci amana. Ranar da Hitila ya zo, bai sha wahalar koya musu komai ba.

Baba Saje: Hajiya, kin faɗi gaskiya, kuma ta taɓa ni. Na yaba wa Seeckt a kan horo, ban janye ba. Amma shi ya raini rundunar da ke ganin ta fi gwamnatin da ke biyanta albashi. Abin da ya ci kujerarsa ma a 1926 shi ne ya bar jikan tsohon sarki ya halarci atisaye cikin kaki ba da sanin minista ba. Sojan da ke da asusun da farar hula ba sa gani, mun san inda yake kai ƙasa. Na yi shiru a nan.

Injiniya: Asusun ma ya taɓa fashewa. A 1927 aka gano wani kyaftin na sojan ruwa, Lohmann, yana juya kuɗin ɓoye a kamfanoni, har da wani kamfanin fim da ya karye. Ministan tsaro Gessler ya sauka a farkon 1928. Me ya biyo baya? Aka kafa kwamitin da zai riƙa duba kuɗin ɓoyen da kyau, aka ci gaba.

Ɗan Garwa: Gaisuwa daga Kamaru. Ni ina da ja a wani wuri. Ana ta cewa Jamus ta karya alkawari, amma alkawarin da aka sa ka da wuƙa a wuya alkawari ne? Kuma a cikin takardar an rubuta cewa kwance ɗamarar Jamus share fage ne don kowa ya rage makamai. Wa ya rage? Faransa ta riƙe sojanta. Mu nan wannan takardar ta shafe mu kai tsaye, ita ta ƙwace Kamaru da Togo daga Jamus. Garwa ta faɗi a 1915, sojan Jamus na dutsen Mora suka riƙe har Fabrairun 1916, daga baya Ingila da Faransa suka raba ƙasar kamar naman layya. Dikwa da Mubi da kuke ce wa naku yau, ta nan suka bi har zuwa ƙuri'ar 1961. Ba wanda ya tambayi kakanninmu. Don haka in ana maganar adalcin Versailles ni dariya nake yi.

Maman Hanifa: Yayana na Garwa, ba wanda ya tambayi kakanninku ranar da Jamus ta shigo ma. Kuma ka duba abin da ita Jamus ta yi wa Rasha a Brest-Litovsk a Maris 1918, lokacin da wuƙar ke hannunta: ta yanke mata Yukren da Folan da ƙasashen bakin tekun Baltik. Masu kukan an zalunce su a 1919 su ne suka rubuta waccan shekara guda kafin nan.

Ɗan Garwa: Ban ce waliyyai ba ne, ƙanwata. Na ce hujjar da aka ba su ta yi musu amfani, har Turawan Ingila da yawa suka yarda an matsa musu.

Malam Na Tarihi: A nan kun zo kan ainihin tambayar Auta, ko barci suke yi. Idonsu biyu. A Disamban 1926 jaridar Manchester Guardian ta buga labarin hulɗar da Rasha, tsohon shugaban gwamnati Philipp Scheidemann ya tashi a majalisar Jamus ya tona shi a bainar jama'a. Bayan mako shida, ƙarshen Janairun 1927, aka janye hukumar sa ido. Kun ji fa, bayan fallasa.

Dalili, yarjejeniya ba ta tsare kanta, sai wani ya yarda zai tura ɗansa ya mutu a kanta. Amurka tun farko majalisar dattawanta ta ƙi amincewa, ta koma gida. Ingila na son Jamus ta farfaɗo don ciniki, tana kuma tsoron kwaminisanci fiye da tsoron Jamus. Faransa ta gwada ƙarfi sau ɗaya, ita da Beljiyam suka mamaye yankin Ruhr a Janairun 1923 a kan bashin diyya, ta fito da asara da baƙin jini. Daga nan aka shiga zamanin sulhu: yarjejeniyar Locarno a 1925, Jamus ta shiga ƙungiyar ƙasashen duniya ta wancan zamani a 1926, ministocin wajen Jamus da Faransa, Stresemann da Briand, suka raba kyautar Nobel. Wa zai ɓata biki da maganar wasu jirage a Rasha? A 1930 sojan ƙawance na ƙarshe suka bar Rhine, shekara biyar kafin wa'adi. A Disamban 1932 aka amince wa Jamus da daidaito a harkar makamai bisa manufa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Alhaji Na Kwari: To yanzu a ba ni fili in faɗi nawa, yadda aka biya. Hjalmar Schacht, shugaban babban banki, ya sa aka kafa wani kamfani na cikin jaka, Mefo a taƙaice, wai na binciken ƙarafa. Jarinsa mak miliyan ɗaya, kuɗin Jamus ke nan, Krupp da Siemens da Rheinmetall da wani na huɗu suka haɗa. Ba ya ƙera ko allura. Gwamnati ta yi odar igwa, maimakon kuɗi sai a ba mai masana'anta takardar bashi da sunan Mefo, da ruwan kashi 4 cikin ɗari, babban banki ya tsaya mata. Kana so ka kai banki a ba ka kuɗi, kana so ka ajiye tana haihuwa. Wa'adin 'yan watanni ne a rubuce, amma ana ta sabuntawa har shekara biyar. A kasafin kuɗi ba za ka ga komai ba. Zuwa 1938 takardun nan sun kai mak biliyan 12. Duk wanda ya taɓa karɓar kaya a kasuwa da "in an sayar a kawo" ya san ranar biya na zuwa. Shi kansa Schacht da ya ce a taka birki, a Janairun 1939 aka sallame shi. Zinariyar Ostiriya da masana'antun Cekoslobakiya da aka haɗiye sun toshe wani ramin.

Malam Na Tarihi: Sauran kuma a fili aka yi. Oktoban 1933 Hitila ya fice daga taron kwance ɗamara da ƙungiyar ƙasashen duniya. Maris 1935 ministansa Göring ya bayyana rundunar sama, ranar 16 ga watan Hitila ya dawo da shiga soja dole, dibishan 36. Ingila da Faransa da Italiya suka yi Allah wadai a taron Stresa a Afrilu. Ranar 18 ga Yuni sai ga Ingila ta sa hannu da shi ita kaɗai, ta yarda ya gina jiragen ruwa har kashi 35 cikin ɗari na nata, ba ta ko shawarci Faransa ba. Ranar kuma ta zo daidai da cika shekara 120 da yaƙin Waterloo da aka ci Napoleon, Faransawa ba su manta wannan ba.

Injiniya: Jirgi mai nutso na farko, U-1, an tura shi ruwa a Kiel kwana uku kafin wannan sa hannun, ya fara aiki ranar 29 ga Yuni. Kwana 11 bayan sa hannun. Ko kwale-kwale ba a sassaƙawa a kwana 11. Sassan suna jibge a rumbuna tuntuni.

Auta: Na Rhine ɗin fa? Na ji an ce da Faransa ta motsa da shi ke nan.

Malam Na Tarihi: Ranar 7 ga Maris 1936 Hitila ya tura soja yankin Rhine da aka hana su takawa. Bataliya uku ce kawai ta zarce can yamma zuwa Aachen da Trier da Saarbrücken. Faransa na da gwamnatin riƙo, zaɓe saura 'yan makonni, kuɗinta na tangal-tangal, shugaban sojanta Janar Gamelin ya ce ba zai shiga ba sai an yi kiran soja na ƙasa baki ɗaya, Ingila ta ce ba ruwanta. Ko da ta motsa Hitila zai faɗi, wannan masana na musu a kai har gobe, ni ba na rantsuwa.

Baba Saje: Auta, ka ƙara wa abokinka wannan, don dodon nasa ya rage tsawo. A 1939 jirage masu nutso 57 gare su. Yawancin tankokin da suka shiga Folan ƙanana ne, Panzer ta ɗaya da ta biyu, ta ɗayan ma bindiga mai jigida kawai take ɗauke da ita, sai na Cek da suka gada. Mafi yawan dibishan ɗin sojan ƙafa doki ne ke ja musu igwa da abinci, kamar zamanin kakanninsu. Wanda ake nunawa a hoto bakin mashin ne kawai.

Alhaji Na Kwari: Makarantun Rasha fa, Malam, ya suka ƙare? Ka bar mu a Kazan.

Malam Na Tarihi: An rufe su a 1933 bayan hawan Hitila. A 1937 Stalin ya sa aka harbe Marshal Tukhachevsky da wasu manyan hafsoshi, cikin tuhumar har da haɗa baki da Jamus, da yawa daga waɗanda suka yi hulɗa da Jamusawan nan haka suka ƙare. Na Jamus kuwa da suka koyi tuƙi a can, wasunsu sun koma a Yunin 1941, wannan karon da kakinsu da sunayensu na gaskiya.

Auta: Na gode iyayena. Na kwafe duka, yau da daddare akwai zama a wurin mai shayi. Amma na san shi, zai ce to bayan 1945 fa, ai an sake hana su, ga shi a 1955 sun sake kafa soja har sun shiga NATO. Japan ma ta sake kafa soja.

Maman Hanifa: Waccan waɗanda suka hana ɗin ne da kansu suka ce a kafa, saboda tsoron Sobiyet. Ba ɗaya ba ne. Ka dai tabbata ka kai masa sunan Ossietzky, kada ka tsaya a tankar tamfol.

Mai Zaure: Ta 1955 a buɗe mata nata zaren, wannan ya yi tsawo, masu ƙaramin data suna ta kuka a inbos. Ɗan Garwa, akwai mai tambaya ko gaske ne ana iya hawa dutsen Mora a ga inda Jamusawan suka yi sansani.

Ɗan Garwa: Ana hawa, amma ba da takalmin zuwa ɗaurin aure ba. Ya same ni ta gefe.